Tarihin Amurka ta Bakin Waɗanda Aka Tarar

A ƙarshen shekarun 1980, da zarar ƙanƙara ta narke a tafkunan arewacin jihar Wisconsin, sai 'yan sanda su ɗaura ɗamara. Mutanen ƙabilar Ojibwe kan fito da dare a kwalekwale, da fitila da mashi, su soki kifi kamar yadda suka gada. A bakin ruwa kuwa cincirindon fararen fata ne ke jiransu, ana zagi, ana jifa, ana cewa gwamnati ta ba wasu gatan da ta hana sauran 'yan ƙasa. Alhali a 1837 da 1842 ne Ojibwe suka sallama wa Amurka wannan yanki bisa sharaɗin ba za a hana su farauta da kamun kifi a cikinsa ba, kuma a 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar cewa sharaɗin na nan da ransa. Da rikicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, majalisar dokokin jihar ta gane kulki kaɗai ba zai yi magani ba. A 1989 ta wajabta wa makarantun gwamnati koyar da tarihi da al'adu da 'yancin mulkin kai na ƙabilun jihar, aƙalla sau biyu a firamare, sau ɗaya a sakandare. Lissafin shi ne, wanda aka karanta wa yarjejeniya yana yaro, da wuya ya girma ya ɗauki dutse a kanta.

Amurka ba ta da manhaja guda ta ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha ce ke tsara abin da za a koyar, gundumomi su zaɓi littattafai, shi ya sa wannan gardama take tashi nan ta kwanta can. Montana ta riga kowa: tun 1972 kundin tsarin mulkinta ya ɗauki alkawarin kiyaye al'adun 'yan asalin ƙasar ta hanyar ilimi, a 1999 aka yi dokar da ta ce kowane ɗalibi, ɗan asali ne ko a'a, sai ya koyi tarihinsu, amma kuɗin aikin bai fito ba sai 2005, bayan kotu ta sa baki. Maine ta yi tata dokar a 2001, Washington ta wajabta tata manhajar a 2015, Oregon ta bi sahu a 2017. A 2014 Roxanne Dunbar-Ortiz ta fitar da littafinta da ya ba da labarin Amurka kacokan daga ɓangaren 'yan asali, a 2019 kuma Jean Mendoza da Debbie Reese suka sauƙaƙa shi don matasa. A ɗaya gefen, a 2021 an wayi gari hukumomin South Dakota sun goge ambaton al'ummar Oceti Sakowin, wato Lakota da Dakota da 'yan uwansu, daga wurare da dama a daftarin manhajar jihar, har jama'a suka fito zanga-zanga.

Babu mai cewa kada a ambaci waɗannan mutane a aji. Da ma ana ambatonsu, kamar yadda mu ma muka san su a finafinan kaboyi, da gashin tsuntsu a ka, suna faɗowa daga kan doki. Saɓanin yana kan inda mai ba da labari zai tsaya: a cikin jirgin ruwa yana hangen sabuwar ƙasa, ko a bakin teku yana kallon baƙi suna saukowa.

Masu son a canza matsaya suna farawa da abin da ke cikin manhajar a yanzu. A 2015 Sarah Shear da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ƙa'idojin koyar da tarihi na dukkan jihohi 50, suka tarar kusan kashi 87 cikin ɗari na abin da ya shafi 'yan asali ya tsaya ne kafin 1900. Yaro zai gama makaranta yana ɗaukar cewa mutanen nan sun ƙare tare da ɓaunar daji. Gaskiya ne a 1900 yawansu bai kai 250,000 ba, amma a ƙidayar 2020 mutum miliyan 9.7 ne suka ce su 'yan asali ne, zalla ko gauraye da wani jinsi, kuma akwai ƙabilu sama da 570 da gwamnatin tarayya ke hulɗa da su a matsayin gwamnatoci, masu majalisu, da yawa kuma da kotuna da 'yan sandansu.

Daga nan hujjar take ƙara nauyi, domin ta bar fagen tausayi ta shiga fagen doka. Tsakanin 1778 da 1871 Amurka ta tabbatar da yarjejeniyoyi kimanin 370 da waɗannan ƙabilu, kuma kundin tsarin mulkinta ya sa yarjejeniya cikin dokokin ƙoli na ƙasa. A 2020 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa ƙasar da aka yi wa ƙabilar Muscogee alkawari a gabashin Oklahoma ba a taɓa soke ta ba, don haka jihar ba ta da hurumin gurfanar da ɗan ƙabila kan manyan laifuka a cikinta. Wanda ya rubuta hukuncin, Neil Gorsuch, alƙali ne mai ra'ayin riƙau da Donald Trump ya naɗa. Tun 1980 kotun nan ta ce an ƙwace wa Lakota da 'yan uwansu tsaunukan Black Hills, inda aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a Dutsen Rushmore, ta amince da diyyar sama da dala miliyan 100. Sun ƙi karɓa, sun ce ƙasa suke so, kuɗin yana ajiye har ya haura dala biliyan ɗaya. Ɗalibin da ba a koya masa yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 da ta tabbatar musu da tsaunukan ba, ta ina zai fahimci mutanen da ke cikin matalautan Amurka suna ƙin biliyan? Zai ce hauka ne, ko ya ce taurin kai.

Amma hujjar da ta fi burge ni ita ce, labarin kansa ya fi tsayuwa da ƙafafunsa idan aka juyo da shi. A ɗauki bikin Godiya da Amurkawa ke yi kowane Nuwamba, na cin talotalo. Yara ƙanana suna koyon cewa a 1621 wani mutumin kirki da ake kira Squanto ya fito daga daji ya koya wa baƙin Ingila noman masara, aka girbe, aka zauna aka ci tare. Duk yaro mai wayo zai tambaya: ina mutumin daji ya samo Turanci? Amsar tana wajen mutanensa, Wampanoag. Sunansa Tisquantum, kuma a 1614 wani matuƙin jirgi Bature, Thomas Hunt, ya sace shi tare da wasu ya kai su Sifen don sayarwa. Ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya dawo a 1619 ya tarar annoba ta share garinsu Patuxet. A kan kufan wannan gari baƙin suka kafa Plymouth, shi ya sa suka sami gonaki shararru. Sarkin Wampanoag kuwa, Ousamequin, annoba ta cinye mutanensa ta bar maƙwabtansa Narragansett da ƙarfinsu, saboda haka yana neman abokan ƙawance masu bindiga. Siyasa ce tsagwaronta, ta mutum mai lissafi da ke cikin matsi. Shekara hamsin da 'yan kai bayan haka ɗansa Metacom ya yaƙi 'ya'yan waɗannan baƙi, aka kashe shi a 1676, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth, aka sayar da ɗansa bawa a ƙetare. Wannan labari ya amsa tambayar yaron, kuma ya mai da Wampanoag mutane masu dabara da kuskure, maimakon masu kawo kwandon masara su ɓace.

Haka abin yake ga yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka harzuƙa Turawa 'yan kama-wuri-zauna shi ne shelar Sarkin Ingila ta 1763 da ta hana su tsallaka tsaunukan Appalachia su zauna a ƙasar 'yan asali, kuma George Washington da ire-irensa suna da hannu a cinikin filaye a can. A 1779 Washington ya tura rundunar Janar John Sullivan ta ƙone garuruwan ƙabilun Haudenosaunee kimanin 40 da gonakinsu. Idan aka cire wannan, an cire ƙasa daga labarin ƙasar da a kan mallakar ƙasa ta ginu. Ned Blackhawk, ɗan ƙabilar Shoshone mai koyarwa a jami'ar Yale, a kan wannan ya gina littafinsa da ya ci babbar kyautar littattafai ta Amurka a 2023.

Sannan akwai yaron da ke zaune a ajin, wanda kakarsa ta yi makarantar kwana. Daga kafuwar makarantar Carlisle a 1879, wadda wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya buɗe, manufar gwamnati ita ce a raba yaro da iyayensa, a aske masa gashi, a canza masa suna, a hukunta shi idan ya yi yarensu. Binciken ma'aikatar cikin gida ƙarƙashin Deb Haaland, 'yar asali ta farko da ta riƙe muƙamin minista, ya ƙirga irin waɗannan makarantu 417 daga 1819 zuwa 1969, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu. A Oktoban 2024 Shugaba Joe Biden ya nemi afuwa a hukumance. Makaranta ce aka yi amfani da ita wajen shafe su. Ba abin mamaki ba ne su ce makarantar ce ya kamata ta fara biyan bashin.

To me masu adawa ke cewa? Wasunsu ba sa buƙatar dogon martani, domin abin da ke ransu shi ne a rufe tukunya kowa ya huta. Amma ba duka ne haka ba.

Akwai masu cewa ƙasar da ta tara mutane daga kowace kusurwar duniya ba ta da abin da ke riƙe da ita illa labari guda da kowa ya yarda nasa ne: kundin tsarin mulki, 'yancin faɗin albarkacin baki, zaɓe. Idan aka koya wa yaro cewa tushen ƙasarsa sata ce da kisa, da me zai so ta, har ya kare ta? Suna kuma da alƙaluma. A jarrabawar ƙasa ta 2022, kashi 13 cikin ɗari kacal na 'yan aji takwas ne suka nuna ƙwarewa a tarihin Amurka. Yaran da ba su san dalilin yaƙin basasa ba, in ji su, za a ƙara musu kaya, a awannin da ba su ƙaru ba. Maganar awanni gaskiya ce, duk abin da ya shigo manhaja wani ya fita. Maganar kishin ƙasa kuwa, ina ganin ta raina tarihin da take son karewa. Dokar kwashe ƙabilun kudu maso gabas ta 1830, wadda Shugaba Andrew Jackson ya matsa a kanta, da ƙyar ta tsallake majalisar wakilai, ƙuri'a 102 da 97. Malaman coci sun yaƙe ta, mata sun tara sa hannu a kan takardun koke, ɗan majalisa Davy Crockett na Tennessee ya ƙi goyon bayanta. A 1832 Kotun Ƙoli ta John Marshall ta ba Cherokee gaskiya a kan jihar Georgia. A kisan kiyashin da sojoji suka yi wa 'yan asali a Sand Creek a 1864 wani kyaftin, Silas Soule, ya hana mutanensa harbi, ya kuma ba da shaida a kan shugabansa. Wanda ke neman abin alfahari zai same shi a nan, kuma sai an faɗi laifin kafin a san waɗanda suka ƙi shi. Sanin cewa an yi gardama a lokacin shi ke rushe uzurin nan na cewa zamanin ne haka.

Akwai kuma masu fargabar a ɗora wa yaro ɗan shekara tara laifin da bai ji ba bai gani ba. A kan ƙananan yara ina tare da su har wani wuri: ɗan aji biyu ba ya buƙatar bayanin yadda aka yi da gawawwaki a Sand Creek, ya ishe shi ya san wa ke zaune a inda makarantarsu take kafin a gina ta, kuma ina jikokinsu suke yau. Sai dai yadda aka mai da wannan fargaba doka ya haifar da wani abu daban. A 2021 Oklahoma ta hana koyar da cewa ɗalibi ya kamata ya ji kunya ko damuwa saboda launin fatarsa. Dokar ba ta ambaci wani littafi ba, amma an ji malamai suna cewa sun ji tsoron koyar da littafin David Grann na 2017 kan kashe-kashen da aka yi wa ƙabilar Osage a shekarun 1920 don cin gadon arzikinsu na man fetur, abin da ya faru a cikin jihar. Majalisar Osage ta nemi a soke dokar. Malamin da lasisinsa ke hannun hukuma ba ya jiran a ce masa bari.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci ba daga 'yan siyasa yake fitowa ba, daga masana tarihi yake, har da 'yan asalin kansu. Suna tambaya: mahangar wa? Ƙabilu ɗaruruwa, harsuna ɗaruruwa, wasu manoma masu birane kamar Cahokia da ta tara dubban mutane a wajajen 1100, wasu mahaya, wasu masunta, da yawansu abokan gabar juna. Duk Bahaushen da ya ji labarin jihadin 1804 a Sakkwato, ya sake jinsa a Maraɗi ko Tsibiri, ya san zama 'yan ƙasa ɗaya ba ya sa bakin mutane ya zo ɗaya.

A dubi yaƙin Little Bighorn na Yunin 1876, inda Lakota da Cheyenne, ƙarƙashin su Sitting Bull da Crazy Horse, suka hallaka George Custer da dakarun da ke tare da shi. Da, jarumin labarin Custer ne. Yanzu da yawa sun juya shi ya zama nasarar masu kare ƙasarsu. Amma filin da aka gwabza na ƙabilar Crow ne bisa yarjejeniyar 1851, Lakota ne suka tura su suka shigo, kuma 'yan leƙen asirin Custer mutanen Crow ne da Arikara, waɗanda suka ga sojan Amurka ya fi musu sauƙi a kan maƙwabcin da ke cin ƙasarsu. Yau filin yana cikin keɓaɓɓiyar ƙasar Crow, tana kuma iyaka da ta Cheyenne ta Arewa. Malamin da ya shiga aji a wannan yanki na Montana da labari guda na 'yan asali, zai ɓata wa wani rai ko ta ina ya bi.

Cherokee ma haka. Suna da rubutunsu da Sequoyah ya ƙirƙiro a 1821, da kundin tsarin mulki a 1827, da jarida a 1828. A 1835 wasu tsiraru, su Major Ridge da Elias Boudinot, suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota ta sallama ƙasar, suna ganin gara a tafi da wani abu a hannu. Shugaba John Ross da mafi yawan jama'a suka ce ba da yawunsu ba. Majalisar dattawa ta amince da ita da ratar ƙuri'a ɗaya, a 1838 soja suka tasa ƙeyar mutum kimanin 16,000 zuwa yamma, ana ƙiyasta kusan 4,000 sun mutu, tafiyar da ake kira Tafarkin Hawaye. A 1839 'yan uwansu suka kashe Ridge da ɗansa da Boudinot a rana ɗaya. Kuma cikin masu wannan tafiya akwai baƙaƙen fata bayi, mallakar attajiran Cherokee, waɗanda jikokinsu sai da suka kai ƙara kotu kafin a tabbatar musu da zama 'yan ƙabila a 2017. Wace ce mahangar Cherokee a nan, ta Ross, ta Ridge, ko ta bawan da ke ɗauke da kayan ubangijinsa? Comanche kuwa, kamar yadda Pekka Hämäläinen ya nuna a littafinsa na 2008, sun fi ƙarni suna juya kudancin filayen tsakiya, suna kai hari har cikin Meziko, suna kama bayi. A 1862 Dakota da yunwa da jinkirin biyan haƙƙinsu suka kai bango sun kashe ɗaruruwan 'yan kama-wuri-zauna a Minnesota, har da mata da yara. Kotun soja ta yanke wa 303 hukuncin kisa cikin gaggawa, Abraham Lincoln ya rage, aka rataye 38 a Mankato ranar 26 ga Disamba, sannan aka kori al'ummar daga jihar, har da waɗanda suka ɓoye fararen fata suka cece su. Wanda ya faɗi rabin wannan labari, kowane rabi ne, ya yi wa yara ƙarya.

A nan nake ganin rauni a littattafai irin na Dunbar-Ortiz idan aka mai da su littafin aji tilo. Littafi ne na mai kishi, ya san inda za shi tun daga shafin farko, kuma yana da amfani a ajiye shi gefen tsohon littafin yara su ga yadda abu ɗaya ke fitowa ta baki biyu. Amma in ya maye gurbinsa, an sauya wa'azi da wa'azi. David Treuer, marubuci ɗan Ojibwe, ya rubuta littafinsa na 2019 ne don ƙin yarda da labarin da ya ƙare a kisan Wounded Knee na 1890, wanda ya bar mutanensa a matsayin abin tausayi kawai. Shi yana son a ga abin da suka yi bayan nan: yadda suka tsira daga dokar Dawes ta 1887 da ta rage ƙasarsu daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 kafin 1934, yadda suka sami zama 'yan ƙasa a 1924 amma Arizona da New Mexico suka hana su zaɓe har 1948, yadda Navajo suka yi amfani da yarensu wajen aika saƙonnin sirri a yaƙin duniya na biyu, yadda lauyoyinsu ke cin shari'a yau.

Sauran magana ita ce ta hujja. Masu shakka suna cewa tarihin baka ba shi da kwanan wata, kuma yana canzawa da mai faɗa. Wani lokaci haka ne. Amma mutanen gaɓar tekun arewa maso yamma sun daɗe suna ba da labarin wani dare na hunturu da ƙasa ta girgiza teku ta haɗiye ƙauyuka, daga baya masana suka haɗa zoben itatuwan da suka mutu a tsaye da rubuce-rubucen Japan kan wata igiyar ruwa da ta zo musu ba tare da girgiza ba, suka gano daren 26 ga Janairun 1700. Lakota suna zana hoto ɗaya na kowace shekara a kan fata, kuma ruwan taurarin Nuwamban 1833 ya fito a cikin zane-zanen, da shi ake daidaita sauran shekarun. Rahoton hafsan da ya kai hari kuwa, mai neman ƙarin girma ne ya rubuta shi, shi ma yana buƙatar tacewa. Inda masu shakka ke da gaskiya shi ne idan ladabi ya hana tambaya. Wasu ƙabilu sun yi imani a ƙasar Amurka aka halicce su, binciken ƙwayoyin halitta kuma yana nuna kakanninsu daga Asiya suka zo, kodayake sawun ƙafa da aka gano a White Sands ya tura zuwan nasu baya zuwa shekara 21,000 ko fiye. Ana iya koyar da na farko a matsayin aƙidar mutane, na biyu a matsayin abin da bincike ya kai, ba tare da an cakuɗa ba. Haka iƙirarin cewa daga ƙawancen Haudenosaunee aka kwaikwayi kundin tsarin mulkin Amurka: majalisar dokokin Amurka ta yi ƙuduri a 1988 tana yaba tasirinsu, Benjamin Franklin ma ya yaba haɗin kansu, amma yawancin masana ba su ga alamarsa a bayanan taron Philadelphia na 1787 da ya tsara kundin ba. Daɗin ji bai isa ya sa a rubuta shi a allo a matsayin tabbas ba.

Batun kisan ƙare dangi ma yana son a bi shi wuri-wuri. A Kalifoniya, inda gwamnan farko ya yi maganar yaƙin ƙarewa a fili, jihar ta biya mayaƙan sa-kai, yawan 'yan asali ya faɗo daga kimanin 150,000 zuwa 30,000 tsakanin 1846 da 1873, da wuya a kauce wa wannan suna, kuma gwamna Gavin Newsom ya furta shi da bakinsa a 2019. A wasu wuraren masana irin su Gary Clayton Anderson sun ce korar jama'a daga ƙasarsu ce manufar, cututtuka kuma su suka fi kisa, wasu su amsa cewa cuta ta fi cin wanda aka kora aka bari da yunwa. Ɗalibin sakandare ya isa a ba shi takardun ya auna da kansa.

Idan aka tace duk wannan, ni ina ganin masu son canji sun ci gardamar ko za a koyar, masu suka kuma sun ci ta yadda za a koyar. Jihohin da suka yi nisa sun riga sun karɓi darasin. Ginshiƙan da Montana ta tsara tare da wakilan ƙabilunta sun fara ne da cewa ƙabilun nan sun bambanta da juna, mutanen cikinsu ma sun bambanta. Manhajar Washington ta ce kowace gunduma ta yi aiki da ƙabilar da ta fi kusa da ita, daga cikin 29 da ke jihar, yaro ya karanta yarjejeniyar da ta shafi kogin garinsu da kifin da ke cikinsa. Wannan ya kuma ba ƙabilar damar cewa ga abin da ba na aji ba ne, domin akwai addu'o'i da labaran da ba a faɗa sai a lokacinsu, ga masu su.

Sai dai duk wannan yana kan wuyan malami, kuma malaman Amurka kusan kashi 80 cikin ɗari fararen fata ne, 'yan asali ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, yawancinsu kuma tsohuwar manhajar ce ta yaye su. Malamin da aka miƙa wa doka ba tare da horo ba, ko dai ya tsallake babin don tsoron kuskure, ko ya koma ga abin da ya sani, ya sa yara su yanka takarda su yi hular gashin tsuntsu. A 2021 wasu ƙabilun Montana da iyayen yara, 'yan asali da waɗanda ba 'yan asali ba, suka maka hukumomin ilimi na jihar a kotu, suna zargin cewa ana raba wa gundumomi miliyoyin daloli kowace shekara don wannan darasi ba tare da an bi sawun inda kuɗin ke shiga ko abin da ake koyarwa ba. A 2023 majalisar jihar ta ƙara sharaɗi: gundumar da ba ta kawo bayanin yadda ta kashe kuɗin ba, za a rage mata kasonta.